INDA A KE GWADA SABON JIRGIN ƘASA

Ya kai mai karatu, in ka tafi kasuwar Sheme ko ta Ƙanƙara za ka sayi doki, ba ka biyan kuɗi don mai shi ya rantse maka nagari ne. Sai ka duba haƙoransa, ka ɗaga kofatonsa, ka sa a hau shi a yi sukuwa a gabanka. Matarka ma in za ta sayi tukunya, sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. In ta ji amo mai daɗi ta saya, in ta ji ya dushe ta san da tsaga a ciki. Shi ya sa Hausawa su ke cewa, sai an gwada a kan san na ƙwarai.

To, in dokin da ke ɗaukar mutum guda ana yi masa wannan bincike, ina ga jirgin ƙasa, wanda ke ɗaukar ɗaruruwan rayuka a tafiya ɗaya? Doki in ya yi tuntuɓe, mutum ɗaya zai kayar. Jirgi kuwa in ya goce daga hanyarsa, gari guda ke zaman makoki. Saboda haka ba a barin fasinja ya shiga sabon jirgi sai an gwada shi, an wahalshe shi fiye da wahalar da zai sha a wurin aiki. A cikin wannan ɗan littafi za ka ji inda a ke yin wannan gwaji, da yadda a ke yinsa, da abin da ya sa aka fara shi.

HANYAR JIRGI DA KE KUSA DA KAI

Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba baƙin jirgin ƙasa ba ne. Kakanninku sun kai auduga da gyaɗa tashar Funtuwa bisa jakuna da takarkarai. Wannan hanya ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta tuƙe a Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Tsawonta ya fi mil 130. Ita ce ta mai da Funtuwa babban garin ciniki, ko da ya ke yau shekaru da yawa ke nan jirgi ya bar zirga-zirga bisanta kamar dā.

Ita kuwa reshe ce. Uwarta ita ce hanyar da aka fara a Baro, bakin Kogin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne. Ta ruwa aka riƙa kawo ƙarafa da injuna zuwa Baro, a can a ke harhaɗa su. Dubban mutane suka yi aikin diga, waɗansu da son ransu, da yawa kuwa tilas aka sa su ta hannun sarakuna da hakimai. Dogo ya isa Kano a 1911, bayan an shimfiɗa mil 356. A wancan aiki jirgin da ke kawo ƙarafa shi ne mai fara taka kowane sabon mil, yana tafe sannu sannu da nauyinsa, kafin a yarda wani fasinja ya bi.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe, gama za mu komo kansa. Hanyar jirgi ƙarfe biyu ne a jere, an ɗaure su bisa katakai ko ginshiƙan siminti da aka kwantar a gicciye cikin tsakuwa. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan nan biyu a hanyar Funtuwa ƙafa 3 ne da inci 6. A sababbin hanyoyi, kamar ta Abuja zuwa Kaduna, ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. A dā ma akwai wata ƙarama daga Zariya zuwa ƙasar Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wadda aka rufe a 1957. Jirgin wannan hanya ba ya hawa waccan. Watau jirgi da hanyarsa kamar takobi ne da kubensa, ba a auna ɗaya a bar ɗaya.

GWAJIN FARKO

A shekarar 1829 waɗansu attajiran Ingila suna gina hanyar jirgi tsakanin manyan garuruwa biyu, Libaful da Mancesta. Suka yi ta gardama bisa abin da zai ja taragu. Waɗansu suka ce a kafa injuna a gefen hanya su riƙa jan taragun da igiya, waɗansu suka ce a yi inji mai tafiya da kansa. Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai suka ce gani ya kori ji. Suka zaɓi wani wuri shimfiɗaɗɗe mai suna Rainhill, inda an riga an gama hanya kimanin mil ɗaya da rabi. Suka yi shela, duk wanda injinsa ya ci, ladansa fam 500.

Sharuɗɗan da suka sa su ne waɗannan. Inji ya ja kaya ninki uku na nauyin kansa. Kada gudunsa ya kasa mil 10 a awa. Ya yi ta kai da komo bisa wannan 'yar hanya har ya cika mil 35, watau nisan da ke tsakanin garuruwan biyu, sa'an nan ya sha ruwa, ya ɗauki makamashi, ya sake yin mil 35. Alƙalai suna tsaye da agogo a hannu, suna rubuta kome.

A watan Oktoba aka yi gasar, dubban mutane suka zo kallo. Biyar suka shiga. Ɗaya ma ba wuta ke tafiyar da shi ba, doki ne a ciki yana taka wani faifai mai juya ƙafafun, bai kuwa daɗe ba ya fita. Wani mai kyaun gani da sauri, wanda 'yan kallo suka fi so, ya lalace tun bai cika tafiyar ba. Guda ɗaya tak ya gama, sunansa Rocket, na George Stephenson da ɗansa Robert. Gudunsa ya kai wajen mil 30 a awa. Ka ga da ido aka bi, da an zaɓi wanda zai tsaya da mutane a tsakiyar daji.

ABIN DA AKA MANTA

A Rainhill an gwada yadda jirgi zai tafi, ba a kula da yadda zai tsaya ba. Ran 15 ga Satumba 1830, ranar bikin buɗe hanyar, wani babban ɗan Majalisar Ingila mai suna William Huskisson ya sauka daga tarago ya tsaya bisa dogo. Rocket ya taho. Ba shi da birki, direba ya yi ƙoƙarin juya injin baya, amma ina! Ya take masa ƙafa, daren nan ya rasu.

Aka shekara da yawa ana fama da maganar birki. A 1875 aka tara jiragen kamfanoni dabam dabam kusa da garin Newark, aka auna kowanne, tafiyar yadi nawa ya ke yi bayan an kama birki kafin ya tsaya. Aka gane irin birkin da ya fi kyau, amma waɗansu kamfanoni suka ƙi sa shi don tsada. Sai a 1889, a Armagh cikin ƙasar Ailan, wani jirgi cike da yara 'yan makaranta da iyayensu ya kasa hawan tudu. Ma'aikata suka raba shi biyu, suka tare taragun baya da duwatsu. Taragun suka ƙwace, suka gangara da baya, suka yi karo da wani jirgi. Mutum 80 suka mutu. A shekarar nan aka yi doka a Ingila, kowane jirgin fasinja sai ya kasance da birki mai kama kansa.

Ga yadda irin wannan birki ya ke aiki. Akwai bututu guda da ya bi jirgin tun daga kai har wutsiya, cike da iska matsattsiya. Muddin iskar tana ciki, birki a sake ya ke. In direba ya rage ta, ko kuwa tarago ya tsinke bututun ya yage, sai birkin kowane tarago ya kama da kansa.

Gada ma ta koya wa mutane hankali. A ƙasar Sikotlan an gina wata doguwar gada bisa Kogin Tay, tsawonta kusan mil 2. Kafin a buɗe ta a 1878, aka haɗa kawunan jirgi shida aka bi da su bisanta, ta ɗauke su lafiya. Amma nauyi kaɗai aka gwada, ba a yi lissafin ƙarfin iska yadda ya kamata ba. Daren 28 ga Disamba 1879 aka yi guguwa, gadar ta karye da jirgi a bisa. Aƙalla mutum 59 suka halaka, ba wanda ya tsira. Daga nan masana suka fahimta, gwajin da bai haɗa da dukan wahalar da abu zai gamu da ita ba, rabin gwaji ne.

HANYA MARAR ƘARSHE

Da jirage suka yi yawa, suka daɗa sauri, gwaji bisa hanyar da jama'a ke bi ya zama da wuya. In ana gwaji sai a tsai da jiragen fasinja da na kaya. In kuma sabon jirgi ya lalace, ya toshe hanya. Saboda haka aka yi dabara, aka gina wa gwaji tasa hanya dabam.

Ka taɓa ganin inda a ke matse rake don yin mazarƙwaila? Doki yana kewaya injin tun safe har azahar. In da za a miƙe tafiyar da ya yi, da ya kai wani gari, amma bai bar gonar ba. Haka hanyar gwaji ta ke. An lanƙwasa dogo ya zama da'ira kamar zobe, ba farko ba ƙarshe. An kewaye wurin da shinge, ba shanu, ba mota, ba jirgin da zai taho daga gaba. Jirgi ya yi ta kewaya dare da rana. Tun da ya ke wuri guda ya ke maimaitawa, in an sāke wani abu a jikinsa, nan da nan a ke gane ko ya gyaru ko ya ɓaci.

Sababbin wurare da kilomita a ke auna su. Ka tuna, mil 5 kilomita 8 ke nan.

Mutanen Rasha su suka fara gina irin wannan zobe, a Shcherbinka kusa da Masko, a 1932. Kewayensa kilomita 6. Mutanen Sin suka gina nasu a gefen birnin Bejin a 1958, mai kilomita 9. A ƙasar Cek, a wani wuri mai suna Velim, an buɗe wani a 1963, wanda ya ɗan fi kilomita 13. Jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa ya kan kewaye shi cikin minti huɗu. In ya kewaya sau shida, ya yi kimanin tafiyar Funtuwa zuwa Zariya, kai kuwa ko kwanon tuwo ba ka gama ba. Masu ƙera jirage daga ƙasashen Turai da yawa su kan kawo nasu can, su biya kuɗin haya.

A Jamus kamfanin Siemens ya karɓi wani tsohon filin jirgin saman soja a Wildenrath, ya mai da shi filin gwajin jirgin ƙasa a 1997. A Amurka kuwa, kusa da garin Pueblo, gwamnati ta keɓe fili a cikin busasshen daji a 1971, mai faɗin murabba'in mil 52, da dogo wajen mil 48 a cikinsa. A can akwai wani zobe da jirgi mai kaya masu nauyi ƙwarai ke kwana yana kewayawa. Wannan ba jirgin a ke gwadawa ba, hanyar a ke gwadawa, watau ƙarfe da tsakuwa da gada. Nauyin da hanya za ta ɗauka cikin shekaru, sai ta ɗauke shi cikin watanni, a ga abin da zai fara gajiya.

ABIN DA A KE DUBAWA

Tun jirgi bai fita daga ma'aikatar da aka ƙera shi ba a ke fara bincike. A kan ɗora shi bisa ma'auni, a ga nauyin da kowace ƙafa ta ɗauka, gama in wata ta fi wata sauƙi, ita ce za ta ɗaga a kwana. A kan sa tarago tsakanin manyan ƙarafa biyu a matse shi, a ga ko zai lanƙwashe. A kan yi masa feshin ruwa ta ko'ina, a duba ko yana yoyo. A zamanin jirgin kwal har wani gida aka gina a garin Rugby na Ingila a 1948, inda a ke ɗaure kan jirgi bisa waɗansu manyan gangunan ƙarfe masu juyawa. Ƙafafunsa suna gudu, hayaƙi yana tashi, shi kuwa yana nan wuri guda, ma'aikata suna tsaye gefensa suna aunawa.

Sa'an nan a kai shi zobe. Ba mutane a ke zubawa a ciki ba. Buhunan yashi ko tankunan ruwa a ke jerawa bisa kujeru, daidai nauyin fasinjoji in jirgi ya cika maƙil. A manna masa na'urori a ƙafafu da ƙarƙashi da cikin injin, su riƙa aika labari ga kwamfuta.

Abu na fari shi ne birki. Ka sani ƙafar jirgi ƙarfe ce, hanyarsa ma ƙarfe ce, ƙarfe bisa ƙarfe kuwa santsi gare shi. Wannan santsi shi ya sa kan jirgi guda ke jan kayan da motoci da yawa ba su ɗauka. Shi ne kuma ya sa jirgi ba ya tsayawa farat ɗaya. Jirgi mai nauyi da ke cikin gudu ya kan yi tafiyar kilomita guda, ko fiye, bayan an kama birki. Don haka a kan gwada shi wofi, a gwada shi da kaya, a gwada shi bisa busasshen ƙarfe, sa'an nan a zuba ruwa da sabulu bisa dogo a sake gwadawa. Kowane karo a auna inda ya tsaya, a rubuta.

Abu na biyu shi ne zaman ƙafa bisa dogo. Kowace ƙafar jirgi tana da ɗan leɓe ta ciki, wanda ke hana ta zamewa. Leɓen nan bai fi tsawon gaɓar yatsa ba da yawa, amma rayukan mutane a kansa su ke. In jirgi ya yi sauri ya kan fara rangaji, yana bugun ƙarfen dama da na hagu. Masu gwaji su kan ƙara gudu kaɗan kaɗan, suna duban wannan rangaji. A ƙasashe da yawa sai an zarce gudun da jirgin zai yi a bakin aiki da kashi ɗaya cikin goma tukuna a ke yarda da shi.

Abu na uku shi ne jimiri. Jirgi ya yi ta tafiya dubban kilomitoci, ana taɓa gindin ƙafafunsa da ma'aunin zafi, ana duban abin da ya sassauta. A dā akwai ma'aikaci mai doguwar guduma a manyan tashoshi, yana bin ƙafafun jirgi yana ƙwanƙwasawa yana saurare, daidai yadda matarka ke yi wa tukunya. Yanzu akwai na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe, ta nuna tsagar da ido ba ya gani.

Wani lokaci ma da gangan a ke fasa jirgi. A Pueblo an sha sa mutum-mutumi bisa kujerun tarago, a sake shi ya yi karo da bango ko da wani jirgi, don a ga yadda za a gina tarago ya kāre na cikinsa. Hasarar tarago guda ta fi hasarar rai guda sauƙi.

ƊAKIN ZAFI DA SANYI

A birnin Viyana na ƙasar Ostiriya akwai wani dogon ɗaki mai tsawon mita 100, wanda a ke shigar da jirgi ciki a rufe. A nan mutum ke kwaikwayon yanayi. A ma'aunin zafi, ruwa yana daskarewa a sifiri, zafin bazara a ƙasar Katsina kuwa ya kan kai 40. A ɗakin nan ana iya sauko da sanyi har 45 ƙasa da sifiri, a kuma hau da zafi har 60. Ana kunna fitilu masu ƙuna kamar rana, a saki ruwan sama ko ƙanƙara, a busa iska mai gudun kilomita 300 a awa. Sa'an nan a duba, ƙofa tana buɗewa? Birki yana kamawa? Na ciki za su iya numfashi? Darasin gadar Tay ke nan ba a manta ba.

GWAJI A ƘASARMU

Jiragen da suka yi aiki a Nijeriya daga waje a ke kawo su. Na kwal yawancinsu daga Ingila suka zo, masu shan man dizal suka fara shigowa a 1955, na sababbin hanyoyi kuwa a ƙasar Sin aka ƙera su. To, ko an gwada jirgi a ƙasar da aka yi shi, sai an sake gwada shi a nan, bisa hanyar da zai yi aiki. Dalili kuwa, ƙasarmu tana da nata hali.

Na ɗaya, rana. Kowane maƙeri ya san ƙarfe in ya sha zafi ya kan miƙe. Dogo mai tsawon kilomita guda, in zafinsa ya ƙaru da 30 tsakanin asuba da azahar, ya kan so ya ƙara tsawo fiye da ƙafa ɗaya. Shi ya sa a tsohuwar hanya a ke barin 'yar kafa tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ita ce ke ba da ƙarar nan da a ke ji in jirgi na tafiya. Inda aka narke ƙarafan aka haɗe su kuwa, sai an ɗaure su tam, an danne da tsakuwa mai yawa, in ba haka ba dogo ya karkace kamar maciji. Na biyu, ƙurar hunturu, wadda ke toshe wurin shan iskar inji. Na uku, ruwan damina, mai zaizaye ƙasa daga ƙarƙashin hanya ya bar ƙarfe a rataye.

Saboda haka in an gama sabuwar hanya, daki daki a ke bi. Da fari a tura ɗan keken awo bisa dogo, a tabbata faɗin daidai ne ko'ina. Sa'an nan kan jirgi ya bi shi kaɗai, a hankali. Sa'an nan a tsai da taragu masu kaya bisa kowace gada, a auna yadda ta lotsa, a ga kuma ko ta komo daidai bayan sun wuce. Sa'an nan a riƙa ƙara gudu. Direbobi su yi ta bin hanyar har su san kowace kwana da kowane gangare kamar hanyar gonarsu. A Faransa, cikin irin wannan gwaji na sabuwar hanya, ran 3 ga Afrilu 2007, wani jirgi ya kai gudun kilomita 574.8 a awa. Da irin wannan gudu, Abuja zuwa Kaduna minti ashirin ne.

Hanyar Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, an yi makonni jirgi yana kai da komo bisanta don gwaji kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta ran 26 ga Yuli 2016. Ta Ikko zuwa Badun ta fara ɗaukar mutane a Disamba 2020, ba a yi bikin buɗe ta ba sai Yuni 2021. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin wata hanya daga Kano ta bi ta Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Kowace hanya irin wannan sai ta bi matakan nan. Tsohuwar hanyar Funtuwa ma, duk ran da aka tashi raya ta, sai an bi ta gada gada, gama ƙarfen da ya daɗe a kwance ba a amince masa da ka.

RABONKA A CIKIN WANNAN AIKI

In ka ga jirgi yana kai da komo ba kowa a ciki, kada ka ce ɓarnar mai a ke yi, ko ana ja wa talakawa rai. Ba a fafe gora ran tafiya. Gara a yi wata uku ana jan buhunan yashi, da a yi gaggawa rana ɗaya a ja gawa.

Amma akwai abin da gwaji ba ya maganinsa, shi ne hannun mugu. Ran 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka fasa dogo tsakanin Abuja da Kaduna, suka kashe mutane, suka sace waɗansu. Jirgi bai komo aiki ba sai ran 5 ga Disamba na shekarar. Kai da ke zaune a Faskari ko Sabuwa ko Ƙanƙara, ba sai an gaya maka zafin irin wannan masifa ba. Akwai kuma ƙaramar ɓarna wadda mai yinta ba ya ɗaukarta kisan kai. Wani ya kwance kusoshin dogo ya kai wa mai sayen tsohon ƙarfe. Wani ya kwashi tsakuwar hanya ya yi gini. Duk awon da injiniyoyi suka yi, bisa hanya cikakkiya suka yi shi. In an zare kusa huɗu, lissafinsu ya rushe.

Saboda haka, in kana kusa da dogo, kiyaye abu huɗu. Kada ka ɗauki ko tsinke daga jikinsa, kada kuma ka saya daga wanda ya ɗauka. In ka ga ruwa ya ci ƙarƙashin hanya, ko ƙarfe ya karkace, maza ka gaya wa mai gari ko ma'aikatan tasha. Kada ka bar dabbobi ko yara bisa dogo, ko da ka ji an ce jirgi ya daina bi, gama jirgin gwaji ba ya sallama. In za ka ƙetare, tsaya, duba dama da hagu, ka saurara. Direba yana iya ganinka sarai, amma ba shi da ikon tsayawa, ba kuwa ya iya kaucewa.

Abu na ƙarshe, ka lura da makamin masu gwaji. Tun daga alƙalan Rainhill har zuwa injiniyoyin yau, aikinsu awo ne da rubutu. Su karanta lamba, su rubuta ta daidai, su gwama ta da ta jiya. Wannan karatu da ka fara, shi ne matakin farko na aikinsu. A Zariya akwai makarantar koyon aikin sufuri tun 1986, an kuma kafa jami'ar sufuri a Daura. A Kajola cikin Jihar Ogun an buɗe wurin harhaɗa taragu a 2023. Ƙasar da ta fara harhaɗa nata taragu kuwa tana bukatar 'ya'yanta masu iya gwada su. Ka dage da karatunka, ka sa ɗanka da 'yarka makaranta. Wataƙila wata rana hannun ɗayansu ne zai sa hannu a takarda, ya ce wannan jirgi an gwada shi, jama'a su shiga. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba ƙasarmu lafiya, amin.